Zaɓen Gadon Jariri a Mahangar Ilimin Halittu

Idan haihuwa ta matso, cikin kayan da ake tanada a gidaje da yawa a yau har da gadon jariri, wasu su saya a kasuwa, wasu su ba kafinta ya ƙera. Galibi abin da kan ja idon mai saye shi ne kyan fenti da laushin katifa. Shi kuwa masanin ilimin halittu daga jikin jaririn yake farawa, domin ƙirar jikin ce ke nuna irin gadon da ya dace da shi.

Jariri ba ƙaramin babban mutum ba ne. Kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali na baligi bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Kewayen kan yakan kai kimanin santimita 35 ranar haihuwa, ga shi kuma tsokar wuya ba ta yi ƙwarin ɗaukarsa ba. Bugu da ƙari, a watannin farko ta hanci jariri ya fi yin numfashi, sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, ta hanyar iska wadda take siririya ƙwarai. Saboda haka duk abin da ya danne masa hanci, ko ya lanƙwasa wuyansa har haɓa ta taɓa ƙirji, yana iya toshe numfashinsa, shi kuwa ba shi da ƙarfin janye kansa.

Daga nan za mu gane dalilin awon da aka ƙayyade wa sandunan da ke kewaye gadon. Ƙa'idar Amurka ta ce kada tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ta wuce santimita 6. In ta fi haka, ƙafafu da gangar jiki sukan zurma waje, kan kuma da ya fi su girma ya maƙale a ciki, jariri ya rataye da nauyin jikinsa. Wanda ba shi da rula a hannu sai ya gwada da gwangwanin lemo: in ya ratsa tsakanin sandunan, gadon bai yi ba. Kafintocinmu sun iya aikinsu, amma ba kowanne ne ya san wannan awo ba, don haka wajibi ne mai ba da aiki ya faɗa tun kafin a yanka katako.

Batun katifa shi ne inda tausayin iyaye ya fi saɓa wa binciken kimiyya. Uwa takan so ta shimfiɗa wa ɗanta abu mai laushi, amma katifar da ta dace ita ce mai tauri, wadda in an danna ta da tafin hannu za ta dawo daidai nan take. Dalili kuwa shi ne, idan fuskar jariri ta nutse cikin soso mai laushi ko matashin kai, wurin yakan zama kamar ɗan rami, iskar kabon da ya fitar ta taru a ciki, ya yi ta sake shaƙarta, iskar oksijin da ke jininsa tana raguwa. Babban mutum zai farka ya juya. A wasu jarirai kuwa sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da mutum daga barci idan iska ta yi ƙaranci bai gama nuna ba, musamman tsakanin wata 2 zuwa 4, lokacin da aka fi samun abin da likitoci ke kira mutuwar fuju'a ta jarirai. Haka nan katifar ta cika gadon dam; in yatsu fiye da biyu suna shiga tsakaninta da katako, ta yi ƙanƙanta. Zanen gado mai kama katifa shi kaɗai ake bukata. Matashin kai da 'yar tsana da bargo mai kauri duk a fitar da su.

Yadda ake kwantar da yaron ma yana da nasa tarihin. Shekaru da dama a Turai da Amurka ana kwantar da jarirai rub da ciki, bisa tsoron kada tumbuɗi ya sarƙe su. Da bincike ya nuna haɗarin haka, sai Ingila ta fara yekuwar kwantar da su rigingine a 1991, Amurka ta bi a 1994, cikin shekara goma kuma mutuwar fuju'a a Amurka ta ragu da fiye da rabi. Tsoron tumbuɗin ma ilimin sassan jiki ya warware shi: idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama da hanyar abinci, saboda haka abin da ya taso yakan koma inda ya fito.

Sai kuma a yi hattara da gadon gwanjo. A 2011 Amurka ta haramta ƙerawa da sayar da gado mai gefe guda da ake zugewa ƙasa, bayan an danganta shi da mutuwar yara aƙalla 32, domin ƙarfen da ke riƙe gefen yakan saki, a sami giɓin da yaro ke faɗawa. A 2022 kuma ta haramta katifun ado da ake ɗaurawa jikin sanduna, da shimfiɗar barci mai gangara fiye da digiri 10. Dokar wata ƙasa ba ta bin tsohon kaya zuwa kasuwarmu, idon mai saye ne kawai zai tantance. A girgiza gadon a ji ko yana motsi, a duba kada ƙusa ta leƙo.

Fenti ma abin lura ne, domin yaro mai haƙori yakan gwagwiyi katako. An gano dalma a wasu fentin mai da ake sayarwa a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ita kuwa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar da ke girma. Mun ga ɓarnarta a Zamfara a 2010, inda ƙurar ma'adinin zinariya mai dalma ta hallaka yara fiye da 400. A ganina, katakon da aka goge sumul ba fenti ya fi wanda ba a san asalin fentinsa ba.

A al'adarmu mai jego tare take kwana da ɗanta, kuma kusancin nan yana taimakon shayarwa. Shawarar Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ita ce a kwana ɗaki ɗaya, aƙalla wata shida na farko, amma kowa da shimfiɗarsa, gadon jaririn yana dab da na uwa. A wurinmu dole a ƙara gidan sauro mai magani, a ɗaure shi sama, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ba zai sauko kan fuska ba. Da hunturu kuma a sa wa yaro tufa mai ɗumi maimakon a lulluɓe shi, kada kuma a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.

Duk wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Tun 1938 gwamnatin Finlan take ba masu juna biyu kwali cike da kayan jariri, da 'yar katifa a ƙasansa, kwalin kuma shi ne gadon farko na yara da yawa a can. Kwando mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi mai tauri zai yi wannan aiki har yaro ya fara juyawa. Mai gadon katako kuwa, da zarar yaro ya fara zama sai a sauke katifa ƙasa, idan tsawonsa ya kai santimita 89, ko ya fara yunƙurin haurawa, a sauya masa makwanci.