Sankarar Jinin Shanu: Cutar Da Ba Ta Sallama

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Kurudu zuwa Karshi, a Babban Birnin Tarayya, lalle zai ci karo da garkunan shanu, gama a wannan yanki akwai mahautar Karu, akwai kuma makiyayar Karshi. Makiyayan wajen sun san sammore da ciwon huhu, dattawansu kuma ba su manta da ɓarnar da bushiya ta yi a 1983 ba. Amma akwai wata cuta wadda takan shekara cikin garke ba a san ta shigo ba, watau sankarar jinin shanu.

Tun 1871 aka fara bayyana cutar a Jamus, amma sai a 1969 ne masana na Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka gano ƙwayar bairos da ke kawo ta. Ƙwayar takan ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini, saniyar da ta kamu kuwa ta kamu ke nan har mutuwa, don ba ta da magani. Yawancin waɗanda suka kamu ba su nuna alamar kome. Ƙasa da biyar cikin ɗari ne sukan yi sankara, galibi bayan sun wuce shekara uku: kaluluwa ta kumbura, saniya ta rame, nono ya ragu, wani lokaci ido ya fito waje.

Jini shi ne babbar hanyarta. Allura ɗaya da aka yi wa garke duka, da wuƙar yanke ƙaho, da abin huda kunne, da safar hannun gwada ciki, da cizon bobuwa, duk suna iya kai ta daga wannan zuwa waccan. Kazalika maraƙi yana iya samunta daga uwa, tun a ciki ko ta nono.

Saboda wannan ɓuya tata, ba a gane tafiyarta sai ta auna jinin garke shekara da shekara, ana rubutawa. Ƙasar Japan ta isa misali. A 1998, sa'ad da aka wajabta kai rahotonta ga hukuma, shanu 99 kaɗai aka lissafa. A 2019 sun zarce 4,000. Binciken da aka yi daga 2009 zuwa 2011 ya nuna kusan 41 cikin ɗari na shanun madarar ƙasar suna ɗauke da ita. A Amurka ma binciken 2007 ya same ta a fiye da 80 cikin ɗari na gonakin madara.

Denmark kuwa tun 1959 ta soma bin garkunanta ɗaya ɗaya tana fid da masu cutar. Ta haka ita da yawancin ƙasashen Yammacin Turai suka rabu da ita. Ingila ba ta sāke ganinta ba tun 1996.

A ƙasar nan, wani bincike da aka buga a 1981 ya sami alamarta a jinin wasu shanu. Yanzu da ake ƙara kafa gonakin madara, ana shigo da shanun waje irin su Friesian, ana kuma tsare su wuri guda, haɗarin ya ƙaru. Da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, da Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, aikin ƙidayar nan yana wuyansu.

Mai garke a Kurudu kuma ga nasa rabon: kowace saniya da allurarta, a tafasa kayan aiki, kada a haɗa sabuwar karsana da garke sai an auna jininta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, balle a inda maganin babu shi.