Malam Aminu Kano a Majalisar Wakilai ta Ikko

Cikin malaman makaranta da suka ajiye alli suka shiga sha'anin mulki a Jihar Arewa, kaɗan ne aka fi ambato kamar Malam Aminu Kano. Amma abin mamaki, shekara biyar tak ya yi bisa kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya, watau daga 1959 zuwa 1964.

An haife shi a birnin Kano cikin 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci, ya ƙetare zuwa Ingila neman ƙarin ilmin koyarwa, daga baya aka ba shi riƙon makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. Cikin 1950 ya bar aikin gwamnati, shekarar da aka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. Mu da muka san abin da albashi yake ga malamin makaranta mai iyali, ba za mu ɗauki wannan ƙaramin al'amari ba.

Kujera kuwa ba ta zo da sauƙi ba. A farkon shekarun nan zaɓe hawa-hawa ake yi, waɗanda talakawa suka zaɓa su ne za su sake zaɓen waɗansu, a can sama kuwa hannun En'e ya fi ƙarfi. Ya tsaya a 1954 ya faɗi, a 1956 ma haka. Sai a zaɓen Disamba 1959, da aka ba kowane baligi namiji ƙuri'arsa, ya ci Kano ta Gabas. Daga kujeru 312 na Majalisa, NEPU takwas ta samu.

To, a nan ne al'amarin ya zama mai wuyar sha'ani. NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuwa NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙarƙashin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda suka yi koyarwa tare a Bauci. Sai ga Malam Aminu ya zama Mataimakin Bulaliyar Gwamnati: a Ikko yana tattaro wa gwamnati ƙuri'u, a gida kuwa 'yan doka suna kama magoya bayansa, ana kai su gaban alkali saboda taron siyasa. Waɗansu sun ga beken wannan zama. A ganinmu, mai kujera takwas ba shi da babban zaɓi, ko da yake muƙamin ya rage wa harshensa kaifi a zauren Majalisa, kuma talakan da ke kurkukun En'e bai ga amfaninsa ba.

A zaɓen Disamba 1964 kujerar ta kuɓuce masa. Cikin Janairu 1966 soja suka rushe Majalisar ɗungum.

Abubuwan da ya daɗe yana kira a kansu, ba Majalisa ce ta zartar da su ba. A zamanin soja aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e kanta. Matan Arewa, waɗanda ya nemar wa ƙuri'a tun ana yi masa dariya, sun jefa ta a zaɓen 1979, inda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu 1983.