Masaniyar ƙwari da ƙwarin da ba wanda ya gani

A shekarar 1951 mujallar ƙungiyar masana ƙwari ta birnin Washington ta buga wani rahoto mai ban tausayi. Wadda ta rubuta shi, Jay Traver, malama ce a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ta yi digirin digirgir a Cornell, kuma da hannunta a wani babban littafi kan ƙwarin ruwa da ya fito a 1935. Idan ana maganar ƙwaro, ba a yi mata gori.

A rahoton ta ce tun 1934 wasu ƙananan ƙwari suka tare a fatar kanta. Tana jin tafiyarsu, tana jin cizonsu, da dare ya yi sai su hana ta barci. Ta bi su da farce, ta duba abin da ta sosa a madubin bincike. Ta shafa garin DDT, ta shafa kananzir, magungunan da a gona ma sai an yi hattara. Likitocin fata suka duba, suka ce ba su ga komai ba. Da aka nuna mata hanyar likitan ƙwaƙwalwa, sai ta ɗauka raini ne.

Ƙwaron da ta ɗora wa laifi, daga baya aka tabbatar ɗan ƙurar ɗaki ne, irin wanda ke cikin katifa da filon kowa, ba ya haƙa fatar mutum. Ta rasu a 1974. A 2013 wani masanin ƙwari, Matan Shelomi, ya nemi a janye rahoton, domin masu irin ciwonta suna kai shi gaban likita a matsayin hujja.

An san ciwon tun kafin rahoton nata. Likita Karl-Axel Ekbom na ƙasar Suwidin ya yi bayaninsa a 1938. Mai wannan ciwo mutum ne lafiyayye a sauran al'amuransa, yana kasuwa, yana sallah, yana lissafi daidai, amma ya sakankance akwai tsutsa ko ƙwaro a jikinsa. Likitoci sun san alamar: mara lafiya ya zo da akwatin ashana, ya buɗe a hankali, ciki ɓawon gyambo ne da zaren riga da ƙura.

Na tuna da wannan mata ne saboda mu. Daga Kwanar Dangora zuwa Kiru, Tudun Wada har Doguwa, wa bai san ƙazwa ba? Wa bai san ƙwarƙwata da kuɗin cizo ba? Dattawanmu sun ga kurkunu yana fitowa daga ƙafa ana naɗe shi a tsinke, kafin a tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Don haka in mutum ya ce abu na yawo a jikinsa, da wuya a musa masa. In an rasa abin, sai a ce jifa ne ko sammu, a shiga turare da wanke-wanke, wani har ya shafa fiya-fiya, fata ta ƙone, ƙaiƙayi ya ƙaru.

Abin da ya fi damuna shi ne a ce masa ƙarya yake yi. Wallahi yana jin abin da ya ce yana ji. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙon, wani lokaci kuma ƙwaya ko wata cuta ce ta tayar da shi. Magani irin su risperidone yana taimakon da yawa daga cikinsu.

In kana da irinsa a gida, ɗan uwa, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka taya shi neman ƙwaron. A fara duba fata da jini. In ba a ga komai ba, ka lallaɓa shi, ka raka shi da ƙafarka wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau.