Aikin Mai Kula a Makarantar Kwana ta Dogon Hutu

Idan makarantun sakandare suka tafi dogon hutu, wato daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, akan sami makarantu da ƙungiyoyi masu shirya wa matasa karatun kwana na mako uku ko huɗu. Wasu lissafi da kimiyya suke koyarwa, wasu share fagen jarrabawar WAEC da JAMB, wasu kuwa harsuna. Masu irin wannan shiri sukan leƙo sassan harsuna na jami'o'i neman ma'aikata, don sun san ɗalibi ba ya tsada. Ta wannan hanya na yi aiki sau biyu a wani shiri na koyar da Hausa ga yaran da ba harshensu ba ne, a harabar wata makarantar kwana a nan Kudu maso Yamma. A 2023 malamar aji ce ni, a 2024 kuma aka sa ni kula da ƙananan ma'aikata da ɗakunan kwana, a ƙarƙashin shugabar shirin. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abin da aikin ya ƙunsa, domin da yawanmu mun ɗauka koyarwa ce kawai da abinci kyauta.

Tara masu koyon harshe a wuri guda su kwana su tashi da shi ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, sannan Cibiyar Harsunan Nijeriya a Aba a 1993. Amma masu zuwa irin waɗannan wurare galibi ɗaliban jami'a ne da na kwalejojin ilimi, waɗanda suka mallaki hankalin kansu. Namu kuwa 'yan shekara 13 zuwa 17 ne. A Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ko da ya fi ka tsawo, ko da gemu ya fara tsiro masa. Amana ce iyayensa suka damƙa maka, dare da rana.

Bari mu yi ɗan lissafi. Yini da dare awa 24 ne. A jadawalinmu aji yana cin awa 5, barci awa 8, saura 11. A cikin waɗannan 11 ake wanka da wanki da cin abinci da ƙwallo da hira da faɗa da kewar gida, har da 'yar soyayya. Ban taɓa ganin babbar matsala ta taso a cikin aji ba. Tana tasowa ne a layin ɗiban ruwa da asuba, ko a bayan ɗakin cin abinci, ko a 'yan mintocin nan da ake ɗauke wuta kafin a tayar da janareto.

Lissafin ma'aikata ma yana da yaudara. Muna da yara 80, rabinsu mata, da ma'aikata 8. A takarda, kowane ma'aikaci yana da yara 10. To amma 5 daga cikin ma'aikatan maza ne, namiji kuwa ba ya shiga ɗakin kwanan mata. A daren da malama ɗaya take hutu, ɗaya kuma ta raka marar lafiya asibiti, saura mace ɗaya tak da yara 39. Saboda haka da lokaci mafi tsanani ake auna yawan ma'aikata, ba da abin da ke cikin takarda ba. Haka kuma jadawalin tsaro sai da suna. In aka rubuta "malamai mata" kawai, kowacce sai ta ɗauka 'yar'uwarta tana can. Muna kuma da littafin miƙa aiki: wanda zai sauka ya rubuta wane ne bai ci abinci ba, wane ne ya sha magani da ƙarfe nawa, su wa suka yi cacar baki. Wanda zai hau ya karanta ya sa hannu.

Mai karatu zai yi tsammanin yaran ne suka fi wuyar sha'ani. A ganina ma'aikata ne. Ɗan shekara 21 da ɗan shekara 17 waƙa ɗaya suke saurare, ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke goyon baya. Daga nan ma'aikata kan rabu gida biyu. Akwai mai son yara su so shi: ya ara musu waya, ya rufa musu asiri in sun yi laifi, kafin mako biyu ba mai jin maganarsa. Akwai kuma mai son a ji tsoronsa, wanda ya zo da tsallen kwaɗo da bulala, domin haka manyan ɗalibai suka yi masa a tasa makarantar kwanan. Mun hana duka da duk wani horo mai taɓa jiki tun ranar farko. Na farkon ne ya fi wuyar ganewa, domin kowa yabonsa yake yi.

Dokokinmu na ma'aikata ba su da yawa. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe. In akwai maganar sirri, a yi ta a ƙarƙashin bishiya inda ake hango su amma ba a jin su. Ba musayar lambar waya, ba hira ta WhatsApp, ba kyauta ko rance tsakanin ma'aikaci da yaro guda. Wasu sukan ji haushi su ce, "To zarginmu ake yi ke nan?" Amsar da nakan bayar ita ce dokar ta hau kaina ni ma, kuma ranar da aka yi wa mutum ƙazafi, ita ce shaidarsa. Abin da ya fi nauyi shi ne waɗannan mutane abokan karatuna ne, wani ma yana gabana da aji ɗaya. A gaban yara ba na gyara wa kowa. Sai yara sun kwanta mu zauna. Sannan mai kula shi ne bakin ma'aikata wajen masu shiri. Da alawus ya makara a mako na uku, nan da nan na ga an fara latti wajen tsaro. Irin wannan kuka gara a kai shi sama da wuri, kafin ya koma kan yara.

A nan ne karatunmu na harshe yake da amfani. Yaran wannan yanki sun saba da "Anti" da "Buroda", wasu ma'aikata kuma sun so a riƙa ce musu "Yaya" don a ji daɗin Hausa. Shawarar da aka yanke ita ce "Malam" da "Malama" ga kowa. "Yaya" zumunta yake ƙullawa, ƙane kuwa yana da damar shagwaɓa da neman alfarma. "Malam" yana barin 'yar tazara, wadda ɗan shekara 21 yake matuƙar bukata. Ni da Yarbanci na tashi, kamar yawancin yaran, kuma a Yarbanci dole ne a yi wa babba jam'i. Don haka sukan ce mini, "Malama, kun tashi lafiya?" Ba mu hana su ba, tun da Hausa ma ta san wannan girmamawa. Inda gizo ke saƙa shi ne "ka" da "ki", domin wakilin suna a Yarbanci ba ya bambanta mace da namiji. Yaro ya ce wa yarinya "ka zo", ɗaki ya ɗauki dariya. Malamin aji kuskuren nahawu ya gani. Mai kula kuwa sai ya sa ido, domin dariya kan koma laƙabi, wanda aka laƙaba wa ya daina magana, bayan kwana biyu ka same shi yana cin abinci shi kaɗai.

Akwai dokar "Hausa kawai" daga karin kumallo zuwa abincin dare, wanda ya karya ya yi 'yar shara. Dokar tana aiki ƙwarai, amma tana da haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Yaron da ya yi mako biyu yana koyon Hausa ya iya cewa "kaina yana ciwo". Bai iya faɗin yaushe ya fara ba, ko wane magani ya sha, ko cewa wani ne ya tsare shi a banɗaki. In yana tsoron horo, shiru zai yi. Shi ya sa a ranar farko ake sanarwa da Turanci da Yarbanci cewa abu uku ba su shiga dokar ba: ciwo, da tsoro, da kawo ƙara. Kowa ya faɗe su da harshen da ya fara zo masa baki. Ko da hakan akwai kunya. Yarinyar da al'ada ta zo mata ba shiri ba za ta ɗaga hannu ba. Sai ta san malamar da za ta je wa, kuma ta san akwai audugar mata a ajiye.

Dogon hutu tsakiyar damina ne, lokacin sauro. Mai tsaron dare yana duba gidan sauron kowane gado, wanda ya yi zazzaɓi kuma a kai shi wurin nas a gwada jininsa, ba ma'aikaci ya ciro ƙwaya daga jakarsa ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, kuma dukan ruwan sama da ƙishirwa da gajiya suna tayar da ita, don haka takardar lafiyar da iyaye suka cike ba ta zaman durowa ba ce. Duk mai tsaro ya san sunayen. Ruwan sha ma abin dubawa ne. A 2021 kaɗai hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu. A kan wannan, masu dafa abinci sun fi kowa taimaka mini. Su ne suka san wanda ya mayar da kwanonsa bai taɓa ba, tun kafin shi kansa ya yarda ba shi da lafiya. Barci kuwa, masana sun ce 'yan shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa 8 zuwa 10, ke nan namu jadawalin a bakin iyaka yake. Shi ya sa ake karɓe wayoyi kafin a kashe fitila.

Tun bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, tambayar farko da iyaye ke yi game da kowace makarantar kwana ita ce tsaro, ko a nan Kudu. Abin da ke hannun mai kula shi ne ƙirga da ƙofa. Ana kiran suna sau uku a rana, kuma fuska ake nema, ba murya ba; "yana banɗaki" ba amsa ba ce sai an gan shi. Maigadi yana da jerin sunayen waɗanda iyaye suka rubuta za su iya ɗaukar kowane yaro. In wani ya zo ya ce shi kawu ne, yaron ma ya rungume shi, sai an kira uwa ko uba a lambar da ke cikin takarda, ba wadda baƙon ya bayar ba.

Ranar tafiya ta fi kowace rana bukatar wannan jeri. Motoci sun cika haraba, jakunkuna sun cakuɗe, ma'aikata hankalinsu ya riga ya koma gida, wani maƙwabci kuma yana cewa a ba shi yara uku ya sauke su a hanya. Tebur ɗaya muka ajiye a bakin ƙofa, duk mai fita da yaro ya sa hannu a gaban sunansa. A 2024 an sallami taro da ƙarfe 12 na rana, amma yaro na ƙarshe sai bayan ƙarfe 7 na dare aka zo ɗaukarsa, domin motar mahaifinsa ta lalace a hanya. Ma'aikata biyu ne suka zauna da shi a bakin ƙofa tare da maigadi, don doka ta hana a bar shi da mutum ɗaya.