Laftof ko tablet: Lissafin da ke gaban ɗalibin Kornaka mai shirin karatun gashin ƙashi

A Kornaka, gundumar Dakoro da ke jihar Maradi, watan Oktoba kan zo wa magidanci da abu biyu a lokaci guda: girbi da komawa makaranta. Gidan da ɗansa ko 'yarsa ta ci jarrabawar BAC, kuma ta samu gurbin karatun gashin ƙashi, wato aikin da ake kira kine a Nijar, fisiyo a Najeriya, yana da lissafi na uku. Bayan kuɗin rajista da na mota da na ɗaki, akwai na'urar karatu.

Kuɗin wannan na'ura ba daga albashi yake fitowa ba a mafi yawan gidajen karkara. Daga rumbu yake fitowa ko daga turke: buhunan wake, damman gero, rago ko ɗan maraƙi. Ga shi kuma da kaka ne hatsi ya fi faɗuwa a kasuwa, don haka wanda ya sayar a lokacin ya sayar da araha. Idan aka sayi abin da bai dace ba, babu damar sakewa sai wata kakar.

Wannan ne ya sa tambayar da ɗalibin birni kan yi cikin nishaɗi, ko laftof zai saya ko tablet, take da nauyi a wuri irin Kornaka.

Karatun da ke buƙatar barin gida

Ƙaramar hukumar Kornaka, wadda ke kan hanyar Maradi zuwa Dakoro, tana da mutane kusan dubu 140 a ƙidayar 2012. Kamar sauran karkara, tana da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka karye a haɗarin babur, da yaran da suka yi jinkirin zama ko tafiya, da dattawan da ciwon baya da na gwiwa ya hana su noma. Irin waɗannan ne ma'aikacin gashin ƙashi ke taimakawa su koma amfani da gaɓoɓinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana, kuma tun 2017 ta ƙaddamar da shiri na musamman domin faɗaɗa ta zuwa 2030.

Sai dai wanda ke son koyon aikin dole ya bar gida. Manyan makarantun lafiya na Nijar suna birane ne, irin su Yamai da Damagaram da Maradi, inda Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo take. A wasu ƙasashen yankin kuma, akwai makarantar kine ta Kwatano a Benin, da makarantar ENAM ta Lome a Togo, duka da Faransanci, sai sashen fisiyo na Jami'ar Bayero da ke Kano, wanda ke koyarwa da Turancin Ingilishi. Duk inda ɗalibi ya nufa, na'urar za ta yi rayuwa biyu: watannin karatu a birni, da watannin hutu ko na horon asibiti a wuraren da wuta da intanet ba su da tabbas.

Me karatun ke nema daga na'ura?

Shekarar farko ta hadda ce. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki sama da 600, kuma ana son ɗalibi ya san inda kowace tsoka ta faro, inda ta ƙare, jijiyar da ke motsa ta, da aikin da take yi. A nan tablet ke da farin jini. Ana juya hoton gwarangwal da ɗan yatsa, a yi zane a kan darasin da malami ya turo, a karanta littafi a kwance ko a cikin mota. Ba shi da nauyi, kuma cajinsa yana jimawa.

Amma karatun ba ya tsayawa a hadda. Tun daga shekara ta biyu ake fara rubuta rahoton horon asibiti da gabatar da aikin rukuni a gaban aji. A shekarar ƙarshe kuma akwai kundin kammala karatu, mai shafuka da dama, da jadawalin alƙaluma da jerin littattafan da aka duba. Wannan aiki ne na allon rubutu da babban fuska, kuma manhajojin da malamai suka saba nema, irin su Word da Excel da Epi Info da SPSS, a kwamfuta suke aiki yadda ya kamata. Haka ma Kinovea, manhajar kyauta da ake rage gudun bidiyo da ita a auna kusurwar gwiwa ko ta ƙugu yayin tafiya, a Windows kaɗai take aiki.

Abin da ke raba gardamar shi ne wayar da ke aljihun ɗalibi. Yawancin abin da tablet ke yi, wayar Android na iya yin sa, ko da fuskarta ƙarama ce. Manhajar hadda ta AnkiDroid kyauta ce, KoboCollect na tattara bayanan bincike ba tare da intanet ba, kyamarar wayar kuma ta isa ɗaukar bidiyon motsa jiki. Amma babu waya ko ƙaramin tablet da zai ɗauki nauyin rubuta kundi cikin sauƙi. Saboda haka mai kuɗin na'ura ɗaya tal, laftof ya fi masa. Tablet na zuwa ne a matsayin ƙari, in Allah ya hore daga baya.

Wuta ce ke da magana ta ƙarshe

Tallan kamfanoni kan yi maganar sauri da kyawun fuska. A jihar Maradi kuwa, tambayar farko ita ce awa nawa batir zai kai. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take shigowa, kuma ta Maradi da Damagaram tana biyowa ne ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a watan Agusta, ba ta dawo ba sai bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024. Ɗaliban da suka yi karatu a waɗannan watanni sun ga abin da batir mai rauni ke jawowa. A ƙauyukan da layin NIGELEC bai kai ba kuwa, dogaro yana kan faifan sola da shagon mai caji.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin laftof na ofis yakan ɗauki tsakanin Wh 40 zuwa 60 idan sabo ne, na tablet mai inci 10 kuma kusan Wh 30. Ma'ajiyar caji ta aljihu mai mAh 20,000 tana ɗauke da kusan Wh 74. Idan aka cire abin da ke salwanta a hanya, za ta cika laftof kusan sau ɗaya, ko tablet kusan sau biyu. Sharaɗin shi ne laftof ɗin ya zama mai karɓar caji ta kafar USB-C, ita kuma ma'ajiyar ta zama mai iya fitar da wat 45 ko 65. Wanda ya sayi laftof mai tsohuwar kafar caji kaɗai, dole ya nemi soket ko inbata duk lokacin da batir ya ƙare.

Akwai kuma zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi kan haura digiri 40, alhali kamfanoni irin su Apple na ba da shawarar kada a yi amfani da na'urorinsu a wurin da ya wuce digiri 35. Zafi na tsofar da batir da wuri, musamman idan ana caji ana aiki a ɗakin kwano da tsakar rana. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar laftof. A wannan ɓangaren tablet ya fi juriya, tun da ba shi da fanka. Mai laftof sai ya saba da ajiye ta a jaka mai rufi, ya daina ɗora ta a kan katifa ko darduma tana aiki, ya kuma kai ta a busa ƙurar bayan kowane hunturu.

Kasuwar na hannu da tarkunanta

Sabuwar laftof mai inganci ta fi ƙarfin gidaje da yawa, don haka mafi yawa na hannu ake saye, ko a Maradi ko a Kano, inda titin Beirut ya yi suna wajen kwamfutoci, kasuwar Farm Centre kuma wajen wayoyi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsoffin kwamfutocin ofis irin su Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook an ƙera su ne domin aiki mai yawa, kuma ana samun batir da allon rubutunsu a wurin masu gyara. Sau da yawa sun fi sabuwa mai araha da jikin roba ƙarko.

Sai dai akwai abin lura. Kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, shi kuma Windows 11 ba ya karɓar mafi yawan kwamfutocin da injinsu na Intel ya girmi ƙarni na takwas. Ana gane ƙarnin daga lambar injin: i5-8250U na takwas ne, i5-6300U na shida. Tsoffin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama su ne ke cika kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma arahar da ake gani a kansu tana da dalili.

Abin da ya kamata a nema shi ne RAM mai gigabait 8 aƙalla, da ma'ajiya nau'in SSD mai gigabait 256. SSD ba sauri kaɗai take da shi ba. Ba ta da faifai mai juyawa a ciki, don haka jijjigar kabu-kabu ko ta motar kasuwa ba ta cika lalata ta ba. Kafin a biya, mai saye na iya buɗe wurin ba da umarni na Windows ya rubuta powercfg /batteryreport, rahoton zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. A gwada kowane harafi, da kyamara, da kafofin USB, a kuma tabbatar babu kalmar sirri a kan BIOS. Wanda zai sayi iPad na hannu ya tabbatar mai shi na farko ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba ya sayi madubi.

Kayan da suka biyo ta Najeriya suna da wasu bambance-bambance guda biyu. Allon rubutunsu QWERTY ne, na Ingilishi, alhali mai karatu da Faransanci ya saba da AZERTY kuma yana buƙatar haruffa masu alama a ka. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows a liƙa sitika a kan haruffan, amma gara a sani tun kafin saye. Sannan kan cajarsu mai ƙafa uku ne, soket ɗin Nijar kuma ya fi karɓar mai ƙafa biyu zagayayyu.

Tanadin karatu kafin a dawo hutu

Kamfanonin Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms ne ke ba da intanet na waya a ƙasar, amma ƙarfinsa a ƙauye ba ɗaya yake da na birni ba, kuma kuɗin data na cin aljihun ɗalibi. Wasu fitattun manhajojin ilimin sassan jiki, irin su Complete Anatomy, na buƙatar biyan kuɗi duk shekara da katin banki. Akwai madadinsu na kyauta. Shafin Physiopedia na ɗauke da bayanai kan cututtuka da hanyoyin gwaji, rumbun PEDro na Ostareliya na tattara binciken da aka yi kan magungunan gashin ƙashi, shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na bai wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun likitanci. Da manhajar Kiwix ana iya sauke ɓangaren lafiya na Wikipedia a karanta shi babu intanet. Ɗalibi mai dabara yakan sauke abin da zai buƙata tun yana birni, ya kuma ajiye kwafin kundinsa a filas da kuma imel, domin sata ko lalacewar na'ura a watan ƙarshe kan mayar da aikin shekara baya.

Akwai kuma amana. A lokacin horo ɗalibi zai so ɗaukar hoton yadda mara lafiya ke tafiya. Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Ɗaukar hoto ba tare da izini ba, ko tura shi zauren WhatsApp, na iya jawo wa ɗalibi hukunci. A gari irin Kornaka, inda kowa ya san kowa, abin ya wuce batun doka, ya taɓa mutuncin gida guda. Na'urar da ke ɗauke da irin waɗannan bayanai tana buƙatar kalmar sirri, ba kuma ta zama ta kallon fim ga ƙanne ba.

Kafin a kwance rago

Mataki mafi arha shi ne tambaya. Ɗaliban da ke gaba a makarantar sun san manhajojin da malamai ke nema, da ko akwai ɗakin kwamfuta, da yanayin wuta a ɗakunan kwana. Makonnin farko ana iya yin su da waya da littafin rubutu. Jinkirin wata biyu ko uku na ba ɗalibi damar sanin ainihin buƙatarsa, yana kuma ba magidanci damar riƙe wakensa har farashi ya ɗaga bayan kaka. A cikin kuɗin da aka ware, ya kamata a bar wani abu domin jaka mai kauri, da na'urar kare kaya daga hawa da saukar wuta, da sabon batir da kusan kowace ta hannu za ta nema kafin a kammala.

Jarrabawar aiki a wannan fanni a kan gadon gwaji ake yin ta. Malami zai ce ɗalibi ya lalubo ƙashi da yatsunsa, ya auna lanƙwasar gwiwa, ya tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba tare da ya ji masa ciwo ba. Babu na'urar da za ta yi masa wannan. Abin da ake so daga gare ta shi ne ta kunnu duk lokacin da aka buƙace ta, tsawon shekara uku zuwa shida na karatu, har ranar da mai ita zai dawo ya duba marasa lafiyar da a yanzu sai sun yi doguwar tafiya kafin su ga ma'aikacin kine.