Daga Littafin Bashi Zuwa Rumbun Bayanai

Shirinmu na yau na matasan da ke sha'awar aikin tsara rumbun bayanai a kwamfuta da kula da shi ne, amma sun rasa ta inda za su faro. Shawarata, ku tafi shagon unguwarku, ku roƙi mai shago ya ara muku littafin bashinsa.

Ku buɗe shi a tsanake. A shafi na 3 za ku ga Musa ya karɓi mudu biyu na shinkafa. A shafi na 11 ga Musa kuma, ya karɓi sabulu, da lambar waya a gefe da jan biro. Can gaba an sake rubuta masa wata lambar daban. To Musa ɗaya ne ko biyu? Wace lambar ce ke aiki? Irin wannan ruɗani ne Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya kawo wa magani a shekarar 1970.

Dabarar tasa ita ce a rarraba bayanai jadawali-jadawali: na masu saye daban, na kaya daban, sannan na ciniki, wanda ke haɗa su. Kowane mai saye a ba shi lambar da babu mai irinta, kamar yadda lambar BVN, da aka fara a Najeriya a 2014, ke bambance mutum biyu masu suna ɗaya a banki. Lambar wayar Musa a rubuta ta wuri guda kawai. Ranar da ya sauya layi, gyara ɗaya ya isa. Wallahi ina ganin wanda ya zana wannan da biro a takarda har ya gane shi, ya yi rabin tafiya tun bai kunna kwamfuta ba.

Sai koyon SQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi: wa ake bi bashi fiye da naira 5,000, wane kaya ya kusa ƙarewa. Ba sai kun kashe ko sisi ba. SQLite, da Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, kyauta ne, kuma yana cikin wayar Android ɗin da ke aljihunku yanzu haka. In hannu ya faɗa, ku koma PostgreSQL ko MySQL.

Ɓangaren kulawa kuwa amana ce zalla, domin dukiya da sirrin mutane ne a hannunku. A ƙarshen Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure. Da suka juya ga kwafin ajiya, sai suka tarar hanyoyin da suka dogara da su ba sa aiki yadda suka zata, suka yi asarar bayanan kusan awa 6. Ƙwararru ne fa, ba 'yan koyo ba.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Ku shigar da shafi 10 na littafin nan cikin SQLite, ku kwafe rumbun a filashi, sannan ku goge na asalin da gangan. Ku dawo da shi daga kwafin, ku tambaye shi nawa ake bin Musa, ku gwada amsar da abin da mai shago ya rubuta.