Zunzuncito: Tsuntsun Da Ya Fi Kowane Ƙanƙanta A Duniya

Gabatarwa

A darasin fassara na fara cin karo da tsuntsun da Turawa ke kira hummingbird. Nan take na rubuta "sha-kauci", sai malam ya ja mini layi da jan biro. Wannan ne ya sa na bi diddigi, na gano cewa kama da wane ba ta wane. Dukansu suna shan ruwan fure, amma danginsu daban. Dangin wancan sun haura iri 300, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samun su. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin ƙaraminsu.

Suna da Mazauni

Masana na kiran sa Mellisuga helenae. A ƙasar Kuba kawai yake rayuwa, musamman a fadamar Zapata. Mutanen ƙasar na ce masa zunzuncito, daga ƙarar "zun-zun" da fukafukansa ke yi. Ɗalibin harshe zai ga amsa-kama ƙarara a nan.

Siffa da Abinci

Tsawonsa santimita 5 zuwa 6 ne, nauyin namiji kuwa kimanin giram 2. Macen ta ɗan ɗara shi girma. Yana kaɗa fukafukai kimanin sau 80 a daƙiƙa guda, shi ya sa yake iya tsayawa cak a iska yana zura dogon harshensa cikin fure, har ma ya tashi da baya. Sha-kaucinmu kuwa galibi sai ya sauka a reshe. Wannan aiki na cin ƙarfi, don haka yake wuni yana shan ruwan fure, yana haɗawa da ƙananan ƙwari. Ta haka kuma yake kai barbara daga fure zuwa fure.

Hayayyafa

Mace ce kaɗai ke saƙa sheƙa da yanar gizo-gizo da ɓawon itace. Takan yi ƙwai 2, kowanne kamar ƙwayar wake, ta kwanta a kansu kimanin mako 3.

Kammalawa

Sare dazuka domin noma ya rage masa mazauni, kuma idan ya ƙare a Kuba, ya ƙare a duniya. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kada mu laƙaba wa baƙon abu sunan na gida sai mun san halinsa. Da na yi haka, da jan biro bai hau takardata ba.